Zuwa karkara hutu: me za a ci, me za a sha, ina za a taka? Tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan kusan su ake ta maimaita min duk sanda wani zai bar birni ya tafi karkara hutawa, ko a ƙasarsa ne ko a wata ƙasar, shi ya sa na ce bari dai in tara su wuri ɗaya. Na daɗe ina irin wannan yawon kuma ina son shi har raina, abun da na lura kuwa shi ne abun da mutane suke tsoro daban, abun da yake kwantar da su daban. Kowa maciji yake fara tambaya, alhali ruwan sha da zafin rana da rashin lissafin lokaci su suka fi kayar da baƙo, kuma duk ukun nan da an tsaya an tambayi mutanen wurin da ba a kai ga haka ba.

Wane lokaci ya fi dacewa in je?

In abinci ka je nema to ka bi lokacin girbi, don abincin karkara da lokaci yake tafiya, ba kamar kantin birni ba da za ka tarar da komai shekara zagaye. Abun da ya nuna a wannan watan shi ne a tukunyar kowa, shi ne mai araha, shi ne kuma mai daɗi. In tafiyar ƙafa ce a ranka to ka duba lokacin da ruwan sama ya ja baya hanyoyi suka bushe amma zafi bai tsananta ba. Kar ka manta ƙasashen da ke kudancin duniya lokutansu a juye suke, a Ajantina ko Ostareliya ko Afirka ta Kudu watan Disamba tsakiyar zafi ne, Yuli kuma sanyi. Sannan kafin ka tsayar da ranar tafiya ka tambayi ranar da kasuwar yankin take ci, wallahi ƙauye ranar kasuwa da ƙauye ranar da ba kasuwa kamar garuruwa biyu ne.

A ina zan samu ainihin abincin wurin?

Inda ka ga mutanen garin da kansu sun yi layi. Wurin da aka ƙawata a bakin titi aka rubuta sunayen abinci da harsuna uku yawanci don baƙi aka buɗe shi, an rage yaji an rage komai. Ka fita da sassafe ka ga inda manoma da direbobi suke karyawa, nan ne tukunya take ƙarewa da wuri, abincin da yake ƙarewa da wuri kuwa ba ya samun damar kwana.

Mafi daɗi dai shi ne ka sauka a gidan manomi in yankin suna da wannan tsarin. A Italiya har doka suka yi masa tun 1985, manomi ya karɓi baƙi a gonarsa ya ciyar da su da abun da ya noma, yanzu kuma ƙasashe da yawa suna yin irinsa. Na taɓa sauka a irin wannan gidan, da asuba na fito na tarar da uwar gidan a tsugune bakin wuta, ta ɗebo ƙwai huɗu daga akurki har da ɗuminsu da ɗan gashi maƙale a jikin ɗaya, ta tsinko ganye a bayan ɗaki ta ɗauraye ta yayyanka a tafin hannunta ba katako ba komai, daga gona zuwa faranti bai fi taku ashirin ba. Ban iya yarenta ba ita ma ba ta iya nawa ba, amma da ta ga na share farantin sai ta ƙaro min tana murmushi. Har yau in na tuna karkara wannan safiyar nake fara gani.

Ba zai ɓata min ciki ba?

Zai iya, ba zan ɓoye maka ba, amma abincin otal ɗin birni ma yana ɓata ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne suke rashin lafiya duk shekara sabida gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, kenan maganar ba ta wasa ba ce. Abun lura ɗaya ne zuwa biyu: ka ci abun da aka sauke daga wuta a gabanka yana tururi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, wato abinci mai ɗumi-ɗumi da aka dafa tun ɗazu aka ajiye shi ne matsalar, in dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba firji to gara ka haƙura da shi, don sake ɗumamawa ba kullum take kawar da haɗarin ba. 'Ya'yan itace ka zaɓi wanda za ka ɓare da hannunka. Ɗanyen ganye da aka wanke da ruwan da ba ka sani ba ka haƙura da shi, ƙanƙara ma haka don ita ma ruwa ce. Kuma ka wanke hannu da sabulu, sau da yawa hannun mai ci ne ya kawo cutar aka ɗora wa mai girki laifi.

In gudawa ta kama ka, ruwan jikinka ne abun tsarewa. Lita 1 na tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka dinga kurɓa. In ka ga jini ko zazzaɓi ya yi zafi ko ƙaramin yaro ne, asibiti kai tsaye.

Na ga ƙorama tana gangarowa daga dutse garai-garai, zan iya sha?

A'a, sai ka tafasa. Ido ba ya ganin abun da ke ciki, kuma ba ka san ko a sama kaɗan garken shanu ne suka tsaya ko mushe ne a kwance ba. Ka bar shi ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti 1, in kana saman tsauni da ya haura mita 2,000 ka kai minti 3, sabida a can ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Za ka ga 'yan garin suna sha ba abun da ya same su, toh cikinsu ya saba da wasu abubuwan naka bai saba ba, wani lokacin ma yana damunsu kawai dai ba ka nan ne lokacin.

Madarar da aka tatso yanzun nan fa?

Wannan kam tana da wahalar ƙi, ga ta da ɗumi ga kumfa ga ƙamshi. Amma ka roƙa a tafasa maka, ba wanda zai ji haushi. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ake ɗauka daga shanu da awaki da tumaki wanda yake tafiya ya dawo har watanni, ga ciwon gaɓoɓi, dabbar kuma a ido lafiyarta ƙalau. Abun da kamfanonin madara suke yi ma ɗumamawa ce, digiri 63 na minti 30 ko digiri 72 na daƙiƙa 15, dabarar da aka sa wa sunan Louis Pasteur na Faransa. Cuku mai laushi da aka yi da ɗanyar madara shi ma hukuncinsa ɗaya, musamman ga mai juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi.

Ba na shan barasa, ya zan gane abun sha na gargajiya da aka miƙo min?

Ka tambaya kafin ka kai baki, kuma ka iya tambayar. In ka ce "giya ce?" za a iya ce maka a'a da zuciya ɗaya don su a wurinsu giya ita ce ta kwalba. Ka ce "yaushe aka yi shi, an bar shi ya kwana ya tsimu?" Duk abun da yake da zaƙi in aka bar shi cikin ɗumi yana juyawa. Ruwan da ake tatsa daga bishiyar dabino ko kwakwa da safe zaƙi ne zalla, kafin yamma ya fara bugarwa. A Mongoliya da Kazakistan nonon goɗiya suke tsimawa su tarbi baƙo da shi, yana da 'yar barasa a ciki. A ƙauyukan yammacin Ingila da arewacin Faransa kuma ruwan tuffa ne, wani zallansa wani an bar shi ya zama giya, kala ɗaya a kofi. Ɗan tsami mai cizon harshe da kumfa mai tasowa da kanta alama ce.

In aka kawo min abun da ba na ci, ya zan ƙi ba tare da na ɓata wa mai gida rai ba?

Ka faɗa tun kafin a ɗora tukunya, wannan shi ne sirrin. Mutumin karkara in ya yanka maka kaza wataƙila wadda yake tattali ce, ka ga a ce an gama an kawo sannan ka ture ai da ciwo. Tun isowa ka ce addinina ya hana ni abu kaza, ko jikina ba ya karɓar abu kaza, kusan ko'ina a duniya ana girmama waɗannan dalilai biyun. In kana da shakka kan yanka ka tsaya a kifi da ƙwai da ganye da hatsi, amma ka tambayi da wane mai aka soya, don akwai yankuna da yawa a Turai da Amurka ta Kudu da gabashin Asiya da kitsen alade yake shiga har cikin burodi da wake. Mai rashin jituwa da gyaɗa ko jatan lande ya sa a rubuta masa a takarda da yaren wurin ya riƙe a aljihu. In kuwa abun halal ne lafiya ƙalau baƙunta ce kawai ta sa kake ɗari-ɗari, don Allah ka ɗanɗana, ai abun da ya kawo ka kenan.

Zan iya tsinkar 'ya'yan itace ko naman kaza, wato laimar kwaɗi, a daji?

Kai kaɗai a'a. Naman kaza musamman, akwai mai guba da yake kama da na ci sak, dahuwa ba ta kashe gubarsa, kuma mugun abun shi ne sai bayan awa 6 zuwa 24 ciwon zai fara, ya lafa kamar an warke alhali hanta ce take lalacewa. Manhajar waya mai gane tsirrai da hoto kar ka dogara da ita a kan abun da za ka haɗiya. Ganin tsuntsu ko akuya na ci shi ma ba hujja ba ne. Ko rogo akwai mai ɗaci da sai an jiƙa an sarrafa kafin ya ciwu. Zuma kuwa ka saya ka more, sai dai ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba, kuma a gaɓar Baƙin Teku ta Turkiyya da tsaunukan Nefal akwai wata zuma da ƙudan ke haɗawa daga wani fure, cokali kaɗan take sa jiri da saukar jini. Bishiyar da ke gefen hanya ma tana da mai ita ko da ba ka ga shinge ba.

Banda ci da sha me ake yi a can?

Tafiyar ƙafa, hawan dutse, keke, doki, kamun kifi, kwale-kwale, kallon tsuntsaye da hantsi bai ɗaga ba. In ka samu dama ka shiga aikin gona na rabin yini, girbi ko tatsa ko kiwo, za ka fahimci abincin da kake ci fiye da duk bayanin da za a maka. Da dare kuma ka kashe tocila ka ba idonka kamar minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu ka ɗaga kai, wanda ya tashi a birni bai taɓa ganin taurari haka ba.

Ya zan lissafa tsawon lokacin tafiyar ƙafa?

Nan ne na fi so a saurare ni. Wani mai hawan tsauni ɗan Sikotland, William Naismith, ya kawo wani lissafi a 1892 da har yau ake amfani da shi: awa 1 ga kowane kilomita 5, sannan ka ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa sama. Wannan fa na mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa, kai da za ka huta ka ɗau hoto ka ci abinci ga yara ko tsofaffi sai ka ƙara aƙalla rabi a kai. In ɗan gari ya ce maka "nan kusa ne" ka tambaye shi shi awa nawa yake yi, sai ka ninka.

Na taɓa fita da la'asar zuwa wani tsauni da nake hange kamar in miƙa hannu in taɓa, wani dattijo da ke ɗaure awakinsa ya dube ni ya dubi rana ya ce in bari sai gobe da safe. Ban bi maganarsa ba. Na kai sama rana na faɗuwa, saukowa kuma duhu ya rufe, hanyar da na hau ta rabu uku ban san wacce ba, waya ba sabis caji saura kaɗan, sanyi ya fara shiga ƙashina. Can ƙasa na hango wata 'yar fitila tana lilo tana tahowa, ashe dattijon ne da jikansa suka biyo sawuna don sun ga ban dawo ba. Bai min faɗa ba, sandarsa kawai ya miƙo min muka gangaro shiru. Tun ranar ba na fita sai na gaya wa wani inda zan je da lokacin da zan dawo, kuma ina tsayar da lokacin juyawa tun daga gida, in ya yi ko ban kai ba na juyo.

Dole ne in ɗauki ɗan rakiya?

A hanyar da aka yi wa alama kuma mutane na bi kullum ba dole ba ne. A daji ko tsauni ko inda akwai namun dawa ka ɗauka, da ɗan gari akan ci gari. Ku yi ciniki tun kafin tashi, ka biya shi da kyau ba tare da ƙwauro ba, shi ya san inda dutse ke santsi da gonar da ba a ratsawa da wurin da mutanen garin ke girmamawa ba a hawa.

Me zan saka a jaka?

Ruwa fiye da yanda kake zato, a zafi rabin lita duk awa ba ta yi yawa ba. Takalmi rufaffe da ƙafarka ta saba da shi, sabo zai maka kanta da ƙuraje tun awar farko. Hula, tocila, ashana, abin cajin waya na hannu, ɗan abun taunawa, bandeji da filasta, da rigar sanyi ko da ka baro ƙasa ana gumi, don duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Ka sauke taswirar yankin a waya tun kana da intanet. Kuɗi a hannu ƙanana-ƙanana, ba ko'ina kati ko tiransifa ke aiki ba. In za ka haura mita 2,500 ka hau a hankali, ciwon kai da tashin zuciya a can alama ce ta a tsaya ko a sauko.

Zan iya ratsa gonar mutane?

Ya danganta da ƙasar. A Suwidin da Norwe doka ta ba kowa damar yawo a daji da fili har ya kafa tanti na ɗan lokaci in dai ya nisanci gidaje da shuka, Sikotland ma ta yi irin dokar a 2003. A Ingila yawanci sai ta hanyoyin ƙafa da aka ware, a Amurka kuwa shiga filin wani ba izini laifi ne sosai. Inda ba ka sani ba ka yi sallama ka nemi izini. Ƙofar shinge yanda ka same ta haka za ka bar ta, a rufe ko a buɗe. Kar ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta, kar ka yi gudu in karen kiwo ya taso, ka ja da baya a hankali. In kare ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ka nemi allurar ciwon haukan kare a ranar, wannan ciwon in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi. Hoton mutane ko gidajensu sai da yardarsu, ledarka da gorar ruwanka kuma ka koma da su, dabba in ta haɗiye leda tana iya mutuwa, asarar mai ita ce.

Wanka a kogi ko tafki fa?

Ka tambaya tukuna. A yawancin Afirka da wasu sassan Gabas ta Tsakiya da Brazil da kudu maso gabashin Asiya ruwan da ke kwance yana ɗauke da tsargiya, daga dodon koɗi take fitowa ta huda fata ko ba ka sha ruwan ba. Kar ka yi tsalle da ka cikin ruwan da ba ka ga ƙasansa ba. Kogin da ya taso bayan ruwan sama kuma kar ka gwada shi, ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babba, 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Kar a kafa tanti a busasshen kwari, ana iya yin ruwa a nesa inda ba ka gani ambaliya ta iso da tsakar dare.

In hadari ya taso ina fili?

Ka ƙirga tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, duk daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ne. In bai kai daƙiƙa 30 ba ka sauka daga tudu, ka bar gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ka fita daga ruwa, ka shiga gini ko mota. Sai an yi minti 30 ba tsawa sannan a ci gaba.

To macijin dai?

Yawanci shi ma gudunka yake. Takalmi rufaffe da dogon wando, tocila da dare, kar ka cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, ka zazzage takalmi da safe. In ya yi sara kar a tsaga wurin, kar a tsotsa, kar a ɗaure tamau, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafi, kuma wannan asibitin tun ranar da ka iso ya kamata ka tambayi inda yake. Wanda ya fi maciji yawan samun baƙi shi ne sauro da kaska. Gidan sauro da maganin shafawa a inda ake zazzaɓin cizon sauro, kaska kuma ka duba jikinka duk yamma in ka ratsa ciyawa, ka kama ta da matsefata dab da fata ka ja a miƙe, kar ka ƙona ta ko ka shafa mata mai.

Wace tsaraba zan iya dawowa da ita?

Busassun abubuwa sun fi: zuma, kayan ƙamshi, busassun 'ya'yan itace, ganyen shayi, saƙa da sassaƙa, kuma ka saya a hannun wanda ya yi su don kuɗin ya tsaya a garin. In za ka tsallaka iyaka ka kula, Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da madara a jakar matafiyi daga waje, Ostareliya da Niyu Zilan kuma har ƙasar da ke maƙale a takalminka suna dubawa, zuma ma ba sa barin ta haka nan. Suna da dalili, a 2001 ciwon baki da kofato ya sa aka kashe dabbobi sama da miliyan 6 a Birtaniya har aka rufe hanyoyin yawo na karkara. Ka wanke takalmin da ka shiga garke da shi kafin ka sa a jaka, abun da kake shakka kuma ka nuna wa jami'an kwastan da kanka su ce maka eh ko a'a.